Yadda aka yanka Peugeot 504 mai ƙofa biyu a Bauchi, da inda kayanta suka tafi

Motar da ake magana a kanta Peugeot 504 Coupé ce, ƙirar farkon shekarun 1970, wadda ta haura shekara 20 a kafe cikin wani gida a tsohuwar GRA ta Bauchi. Mai ita tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Ya saye ta a hannun wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu, a shekarun da suka biyo bayan 1976, lokacin da Bauchi ta zama babban birnin jiha, Turawan kwangila da na kamfanin Steyr mai harhaɗa manyan motoci suka yawaita a gari. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, sai motar ta shiga lissafi tare da gida da gona. Ƙarshenta dai yanka ta aka yi, aka sayar da kayanta ɗai-ɗai. Abin da ya same ta shi ne yake samun tsofaffin motoci da dama a garuruwanmu, kuma kusan kullum a wuri ɗaya ake tafka asarar.

Ba irin 504 ɗin da muka saba ba ce

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san 504. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi daɗewa suna fitar da 504, har zuwa tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da rufe babinta. Ita ce motar kwamishina, ita ce tasi, ita ce motar asibiti, ita ce a-kori-kura mai zuwa cin kasuwar ƙauye. Waɗanda aka ƙera a duniya sun haura miliyan 3.

Mai ƙofa biyun daban take. An fara nuna ta a baje kolin motoci na Geneva a 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, shi ne kuma yake ƙera gangar jikin a wajen Turin, sannan a kai Sochaux ta Faransa a ɗora inji. An rage tsawon tsakanin ƙafar gaba da ta baya da santimita 19, aka yi mata jiki nata na kanta, wanda ko ƙofa ɗaya ba ta haɗa da salun ba. Daga 1969 zuwa 1983 da aka daina yin ta, abin da aka ƙera bai kai 30,000 ba. Kaduna ba ta taɓa harhaɗa ta ba, saboda haka duk wadda aka gani a ƙasar nan shigo da ita aka yi. Irinta ce, mai injin V6, Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da ita a 1978, ya kuma ci na Bandama a Kwaddebuwa a shekarar.

Wannan ta gidan marigayi ƙirar farko ce: fitilu huɗu masu kusurwa a gaba, kowacce a rabe, a baya kuma fitilu uku-uku a karkace. Injinta mai silinda 4 ne, cc 1971, dangin wanda ke cikin 504 ta kan titi. Bambancin shi ne daga masana'anta ba kafireta ta zo da shi ba, famfon fesa mai ne na kamfanin Kugelfischer na Jamus, irin wanda BMW ta sa wa 2002 tii. A riƙe wannan famfo, za a dawo kansa.

Halin da aka same ta

Mutane suna ɗauka busasshiyar iskar Bauchi tana kare ƙarfe daga tsatsa. Tana karewa, amma ga motar da ke ƙarƙashin rumfa. Wannan a gindin mangwaro aka bar ta. Ganye ya toshe magudanan da ke ƙasan gilashin gaba, ruwan damina ya riƙa taruwa yana bi ta ciki yana kwanciya a ƙarƙashin kafet. Robobin ƙofa sun bushe sun farfashe. Da aka ɗaga kafet ɗin ɓangaren direba, ƙasa ake hangowa. Dogaran da ke ƙasan ƙofofi, waɗanda su ne ke riƙe da ƙarfin jikin, sukudireba ke shigewa cikinsu kamar ba ƙarfe ba. Jikin da Pininfarina ya yi a wancan zamani dama ya yi suna wajen cin tsatsa ko a Turai. Rana ta tsattsage saman dashbod, ɓeraye sun ci wayoyi da soson kujeru, kaji kuma sun mai da kujerar baya wurin saka ƙwai. Inji ya ƙi juyawa ko da an sa sifana a goshin kiranshaf.

Bambar gaba da ragar da ke tsakanin fitilu babu su. Wani yaron gida ne ya cire ya sayar wa mai jari-bola shekarun baya, ba wanda ya lura sai ranar da aka zo duba motar. Takardu kuma, an samu tsohon lasisi da inshora, amma takardar kwastam ta shigowa ba a gan ta ba.

Tayi uku

Marigayin ya bar mata biyu da 'ya'ya maza da mata. Matan za su raba tumuni, saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Mota ba ta rabuwa, sai an mai da ita kuɗi, kuma malamin da ya zauna rabon ya ce ba zai sa ta a lissafi da ka ba, a nemo waɗanda suka san ƙimarta.

Na farkon da ya taya ɗan gwangwan ne. Lissafinsa a fili yake: nauyin motar tan ɗaya da 'yan kai, a cire taya da gilashi da kujeru da ba su da amfani a wurinsa, a buga saura da farashin kilo, a ɗan ƙara saboda lagireto da jan ƙarfen wayoyi. Zai biya nan take, ya zo da masu gas su yanka a ɗora a mota kafin la'asar. Na biyu wani matashi ne daga Abuja mai sha'awar tsofaffin motoci, wanda ya ga hotonta a waya. Ya ɗora kan tayin ɗan gwangwan, amma da aka tura masa hoton ƙasan motar, aka kuma gaya masa babu takardar kwastam, sai ya fara ja da baya, daga baya ya daina ɗaga waya. Na uku tsohon bakaniken marigayin ne, dattijon da ya yi rayuwarsa a kan Peugeot. Shi bai taya ba. Cewa ya yi a ba shi ya kwance ta, a sayar da kayan, a biya shi ladan aikinsa.

Babban ɗan ya fi karkata ga ɗan gwangwan, don yana so a rufe maganar gado kowa ya kama gabansa. Ya ce wa dattijon, "Baba, wannan ai gawa ce. Wa zai sayi kayan motar da babu irinta a gari?"

Dattijon ya ce, "Alhaji, rashin irinta ai shi ne kuɗinta. Buɗe min but ɗin nan tukuna."

Makullin ya ɓata, sai ta bayan kujera aka shiga. A ciki aka tarar da buhun shinkafa ɗaure da igiya, a cikinsa famfon Kugelfischer da bututansa da nozul huɗu, an naɗe su da tsumma mai baƙin mai. Tun a shekarun 1980 motar ta fara shan mai tana cijewa, ba a sami mai iya saita famfon ba, sai aka yi abin da kanikawanmu suka saba yi wa duk injin da ya gagare su: aka sauya kan inji aka ɗora kafireta irin ta salun. Wannan dattijon ne ya yi aikin da hannunsa yana saurayi, kuma shi ne ya ce wa marigayi kada ya yar da famfon. Ya dubi buhun ya ce rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. Da an bi ta ɗan gwangwan, a kan sikeli zai hau a matsayin alminiyam.

A ganina shawarar kwancewa ba ta yi kuskure ba, ko da yake masu son tsofaffin motoci za su ji zafin hakan. Mota irin wannan idan jikinta lafiya lau yake, da takardunta, sayar da ita ɗungurungum ya fi, nesa ba kusa ba, kuma yanka ta zalunci ne ga magada. Amma wadda ƙasanta ya ruɓe, sai an yanke an dasa sabon ƙarfe daga gaba har baya, aikin da ke cin kuɗin da ya fi ƙarfin gidan, kuma cikin magada akwai marayu ƙanana da ba za a jingine haƙƙinsu ana jiran mai saye daga sama ba.

Kwana ɗaya da aka yi sakaci

An tsai da magana ranar Alhamis, dattijon ya ce zai zo da yaransa ranar Asabar. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ɗaya daga cikin samarin gidan ya ga tunda dai yanka ta za a yi, bari ya rage wa mutane aiki ya kuma sami na kashewa. Ya kira yaran gwangwan biyu ya sayar musu da lagireto da wayoyi. Su kuwa wayar kawai suka sani. Suka sa ƙarfe suka ɓanɓare allon agogunan dashbod don su kai ga damin wayoyin da ke bayansa, gilashin agogon gudu ya fashe, maɓallan fitila da na waifa suka kakkarye. A baya suka finciko waya ta cikin but, gidan fitilar hagu ya tsage gida biyu. Wayar suka kai bayan gari suka cinna mata wuta don robar ta narke su ɗauki jan ƙarfen.

Abin da suka biya bai taka kara ya karya ba. Abin da suka lalata a cikin sa'a guda kuwa yana cikin mafi tsadar kayan motar. Nan ne asarar take faruwa a mafi yawan lokuta: abin da ya fi sauƙin ɓallewa shi ake fara taɓawa, kuma shi ne wanda ba a sake ƙera shi.

Yadda dattijon ya bi ta

Kafin a taɓa ko noti ɗaya ya sa aka rubuta takarda a gaban mai unguwa, da lambar jikin motar da ta inji da sa hannun wakilin magada. Sana'ar tsohon ƙarfe ta yi ƙaurin suna saboda kayan sata, har gwamnatin Borno ta haramta jari-bola a 2023, kuma duk wanda aka tsare da inji a bayan mota ba takarda ya san abin da zai gani. Sannan ya sa ƙaramin ɗan gidan, ɗalibi mai wayar hannu, ya ɗauki hoton kowane abu a mazauninsa kafin a cire, da bayan an cire, da lambar da ke jikinsa idan akwai.

Daga waje ya faro, daga abu mai saurin fashewa. Fitilun gaba huɗu, fitilar baya da ta tsira, hannayen ƙofa, madubi, tambarin Pininfarina da ke gefen jiki, bambar baya. Siraran ƙarafan ado da ke zagaye da tagogi sun fi komai cin lokaci, domin ƙananan maƙalai ne ke riƙe da su, idan aka ɗaga da ƙarfi sai su lanƙwashe, kuma wanda ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Da tsinken katako ya riƙa bi yana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Kowane noti da aka cire sai a zuba a leda a rubuta inda ya fito.

Gilashin baya ya ɗauke su rabin yini. Yaronsa ya so ya tura shi daga ciki da ƙafa, yadda ake yi wa tasi. Dattijon ya hana. Ya ɗauki reza ya bi robar da ke riƙe da gilashin ya yanke leɓenta na waje gaba ɗaya, har gilashin ya zauna ba abin da ke riƙe da shi sai nauyinsa, sannan mutum biyu suka ɗaga shi a tafin hannu suka jingine a tsaye kan tsohuwar katifa. Hujjarsa ita ce roba ta riga ta mutu, ba a asarar komai idan an yanka ta, gilashin kuwa ko Panteka ta Kaduna aka zazzage ba za a samu ba.

Injin ya bar shi ƙarshe. Tun ranar farko ya cire fulogi ya ɗura gas da ɗan man giyabos a kowane rami, kullum da safe ya ɗan gwada da sifana, gaba kaɗan, baya kaɗan, ba dole. Sai da ya yi kusan mako kafin ya saki. Da suka ɗaga kan injin ya ɗaure silibobin, wato hannayen ƙarfen da fistin ke kai-kawo a cikinsu, da manyan washa da ƙusoshi kafin ya bari a sake juya shi. Injin 504 silibobinsa a jiƙe suke, wato zura su ake yi, ruwan lagireto yana zagaya su kai tsaye. Idan aka juya kiranshaf babu kai a sama, fistin zai iya turo siliba ta ɗago, abin da ke toshe ruwa a gindinta ya saki, daga nan ruwa ya fara haɗuwa da baƙin mai. Yaran yanzu da suka koyi aiki a kan Toyota da Honda ba kowa ya san wannan ba. Tsohon man ya tara a jarka bai zubar a tsakar gida ba, ya kuma hana yaran busa ƙurar birki da kuloci da baki, don na wancan zamani akwai asbestos a ciki, abin da ƙurarsa ke cutar da huhu.

Kasuwa biyu

Da aka baje kayan sai suka rabu kashi biyu da kansu.

Kashi na farko shi ne abin da zai shiga 504 ta aiki: inji, giyabos, sitata, altaneta, kafireta, wasu kayan ƙafa da na birki, da wilin taya masu ƙusa huɗu. Waɗannan ba su kwana ba. Har yanzu akwai tsofaffin a-kori-kura da wagon da ke jigilar hatsi da dabbobi a hanyoyin Alkaleri da Darazo da Ningi, masu su kullum cikin neman kaya suke, kuma sun fi yarda da tsohon na Faransa a kan sabon da ake kawowa a kwali. Wani direba daga Dass ya ɗauke inji da giyabos tare. Sai dai farashinsu na talaka ne, domin mai saye yana da zaɓi, idan ka tsauwala zai aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a kawo masa. Dogon bututun da furofela ke bi ta cikinsa kuwa ba wanda ya kalla, saboda santimita 19 ɗin nan da aka rage sun sa ba ya shiga salun.

Kashi na biyu shi ne abin da ba ya shiga kowace mota a Bauchi: fitilu, ƙarafan ado, hannayen ƙofa, gilasai, ƙofofi biyu, murfin but, da famfon da ke cikin buhu. Dillalan gari sun zo sun duba sun ce ba su da mai nema, gaskiya suka faɗa. Masu neman suna Faransa da Jamus da Holan, inda ake da ƙungiyoyin masu riƙe da irin wannan mota suna gyara ta. Su inji bai dame su ba, ana samunsa ko'ina. Abin da ke tsai da gyaransu shekara da shekaru shi ne fitilar baya ta ƙirar farko ko ɗan ƙarfen taga guda ɗaya.

Isa gare su ne aiki. Ɗalibin ya sa hotuna a zaurukan Facebook na masu 504, tambayoyi suka yi ta shigowa, amma da an ji kayan a Najeriya suke sai a yi tsit. Ba wanda zai tura kuɗi kafin ya ga kaya, magada kuma ba za su saki kaya kafin su ga kuɗi ba. Abin da ya warware shi ne wani dillali a Kaduna da ke da ɗan'uwa mai harkar motoci tsakanin Kwatano da Beljiyam. Shi ya saye ƙananan kayan a dunƙule, ya biya a nan, ya ɗauki kasadar can. Ko shakka babu ya ci riba mai kauri, kuma ban ga laifinsa ba, tunda shi ke da hanyar. Duk da haka, kuɗin famfo da fitilu da ƙarafan ado kaɗai, kayan da ba su cika kwali biyu ba, ya zarce abin da ɗan gwangwan ya taya motar gaba ɗaya. Dillalin ya faɗa ƙarara cewa da fitilun baya biyu ne lafiyayyu da ya ninka abin da ya bayar a kansu, domin mai gyara ya fi son ya sami hagu da dama masu launi ɗaya. Allon agogunan da aka fasa ko tayawa bai yi ba.

Gangar jikin da ta rage, bayan fanel bita ya yanke fukafukan baya da suka ɗan tsira, ɗan gwangwan na farko ne ya dawo ya saye ta a kan sikeli. Abin dariya, kuɗin da ya biya bai yi ƙasa sosai da tayinsa na farko ba, don nauyin ƙarfen yana nan, abin da aka cire mai tsada ba shi da nauyi.

Daga ranar da aka fara kwancewa zuwa ranar da aka kai wa malam lissafi an ɗauki wajen wata huɗu, abin da ya jawo guna-guni daga ɗakin amarya, inda ake ganin da gangan ake jan ƙafa. Hotunan da takardar da aka rubuta kowane ciniki a ciki ne suka kashe maganar. Aka cire ladan dattijon da na yaransa, aka cire kuɗin lagireto da wayoyi daga rabon saurayin da ya sayar da su ba da izini ba, saura aka zuba cikin gado. Asarar agogunan da fitilar da aka fasa kuwa 'yan'uwa suka yafe masa, bayan Hajiya babba ta sa baki.

Gilasai da ƙofofi biyu da murfin but ba su sami mai saye ba, saboda kuɗin kai su Turai ba tare da sun fashe ko sun lotse ba ya kusa cinye ƙimarsu. Magada sun amince a bar su amana a garejin dattijon, an rubuta su a takarda daban, duk ranar da aka sayar a raba kuɗin a kan kason da aka yi na farko.